Kwana ɗaya a Fas: lungunan birni ko kangon Walili?

Wanda ya je Fas ta ƙasar Maroko yana da rana ɗaya rak, dole ya zaɓa.

Tsohon birnin, Fas al-Bali, da ƙafa ake cinye shi, don mota ba ta shiga yawancin lungunansa. Kana tafe sai ka ji "balak!" daga baya, wato ka kauce, alfadari ne ɗauke da kaya, kuma ba zai jira ka ba. Masallacin Ƙarawiyyin yana nan, wanda Fatima al-Fihri ta assasa a shekarar 859. Majemar Shuwara ma tana nan; daga benen masu sayar da jaka ake leƙa ramukan rini, a miƙo maka ganyen na'ana'a ka kanga a hanci saboda wari. Ɓata hanya kuwa ba makawa, ko taswirar waya rikicewa take yi. Ni dai ban ɗauki wannan aibi ba.

Walili, garin Romawa da Turawa ke kira Volubilis, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce a mota. Babu turereniya, sai gonakin zaitun, da zanen duwatsu ƙanana a daɓen gidaje, ga shamuwa ta yi sheƙa a kan ginshiƙai. Amma inuwa ta yi ƙaranci, rana na duka, cikin awa biyu ka gama.

In zuwanka na farko ne, zauna a birni. Walili ta jira wata tafiyar.