Wakilin mai saye a Birnin Kebbi: ga wanda ke ƙasar waje, ya cancanci kuɗinsa?

Mutumin Kebbi da ke aiki a Jidda ko Landan, in ya tashi sayen fili a gida, hanya biyu ya saba bi: ya tura wa ɗan'uwa kuɗi, ko ya kira dillali. Ta uku ita ce ya ɗauki wakilin da shi kaɗai yake wa aiki, yana biyansa daga aljihunsa. A ganinmu wannan aikin ya cancanci kuɗinsa, amma bisa sharuɗɗa.

Dillali ba mugu ba ne, sai dai cinsa yana ga a sallama. La'adarsa, wadda yawanci kashi 5 ce cikin 100, tana ƙaruwa ne in farashi ya hau, in kuma ciniki ya watse ya tashi a tutar babu. Da wuya irin wannan mutum ya ce maka ruwa na kwanciya a filin. Ɗan'uwa kuwa, ko mai amana ne, bai san fayil ɗin fili da ke Ma'aikatar Filaye ba, kuma kunya za ta hana ka tambayarsa rasit.

Inda wakili nagari ke nuna amfaninsa shi ne takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma sashe na 22 ya ce ba a sauya hannun filin da ke da satifiket, wato shaidar mallaka daga gwamnati, sai da amincewar gwamnan. Saboda haka takardar ciniki mai hatimin mai unguwa ko hakimi shaida ce cewa an yi ciniki, amma ba ta maye gurbin wannan amincewar. Wakili zai karɓi lambar fayil, ya sa lauya ya bincika a Ma'aikatar Filaye da hukumar KEBGIS mai adana bayanan filayen jihar: sunan wa ke kai, an jinginar da filin a banki, ko gwamnati ta soke rabon? Tsofaffin takardu na buƙatar ƙarin ido. Kafin 1991 Kebbi na cikin jihar Sakkwato, don haka satifiket mai sunan Sakkwato ba lallai ya zama jabu ba, sai dai dole a ga fayil ɗinsa a Birnin Kebbi, a kuma bi sawun duk hannun da ya ratsa.

Filin gado ya fi kowanne jawo shari'a. Babban wa ya sayar, bayan shekara biyu ƙanwarsa da ke aure a Jega ta zo ta ce ba da yawunta ba. Maganinsa takardar rabon gado daga kotun shari'a, ko sa hannun kowane magaji, mata da maza.

Sai zuwa wurin da ƙafa. Fili mai ƙafa 50 a 100 ya kai kusan murabba'in mita 465, amma a awon igiya, wato gonar da mai ita ya yanka da kansa, sau da yawa sai an zo gini a tarar hanya ta cinye gefe guda. A kai safiyo mai rajista ya nemo turakun simintin da ke kusurwa huɗu, ya karanta lambar da ke kan kowanne, ya gwada da ta jikin taswira. Wakilin ya kira ka ta bidiyo yana tsaye kan turken, ya juya waya ka ga maƙwabta. Ya kuma koma a watan Agusta: filin da ya yi kyau da rani a gefen fadama yakan zama tafki da damina, kuma layin danshi a katangar maƙwabci ba ya ɓuya. A bakin babbar hanya, kamar ta Kalgo, a tambayi KUDA, hukumar raya birane ta jihar, tazarar da za a bari kafin a amince da zanen gini.

Raunin wannan aiki a fili yake. Kowa na iya kiran kansa wakili, kuma wasu na karɓa a hannu biyu, naka da na mai sayarwa. A nemi wanda ke da rajista da ESVARBON, hukumar da ke yi wa masu ƙiyasta kadara rajista, ko lauyan da za a iya kai ƙararsa. A yanka masa lada tsayayye maimakon kaso, rabi da farko, rabi bayan takardu sun fito, ya kuma rubuta cewa ba ya karɓar ko sisi daga ɗaya ɓangaren.

Takardar wakilcin da za ka sa wa hannu a ofishin jakadancin Najeriya, ko gaban lauya mai hatimin tabbatarwa, ta taƙaita: ya bincika, ya sa hannu a madadinka kan wannan fili kaɗai, cikin wa'adin da aka rubuta. Ban da sayarwa, ban da jingina, kuma sunanka ne zai hau takarda.

Kuɗin fili kada ya bi ta hannunsa. A tura ta banki zuwa asusun mai sunan da ke kan fayil, kashi-kashi, kason ƙarshe bayan an miƙa takardun asali. Dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biyan tsabar da ta wuce naira miliyan 5 ba ta banki ba. Mai sayarwar da ya nace sai tsaba, ko sai yau, a bar masa filinsa.