Kundin tsarin mulki na aljihu: ya ci kuɗinsa, amma a duba bugu

Ƙaramin kundin tsarin mulkin 1999 da ake sayarwa a shagunan littattafai na Sabon Gari da hannun 'yan talla a danja, ya kamata mai wa'azi da ɗan siyasa da mai kiran waya a shirin rediyo duk su mallake shi. Yawancin musun da ake tafkawa a Kano kan addini da gwamnati, 'yan shafuka ne ke raba gardamarsa.

Kafin ka biya, duba bugu, don akwai masu sabon bango da tsohon ciki. Buɗe sashe na 131. In ya ce ɗan takarar shugaban ƙasa sai ya kai shekara 40, an buga shi kafin gyaran 2018 da ya mayar da ita 35. In babu sashe na 254A na kotun ma'aikata, ya fi haka tsufa. Masu arha da gam ake manne su, zafin bazara na busar da shi shafuka su zube, don haka a kai wa mai ɗaurin littafi ya ɗinke.

Babban rauninsa rashin sharhi. Wani zai ga sashe na 10, da ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin hukuma, ya rufe littafi. Wani kuma 275 kaɗai ya sani, wanda ya ba jihar da ke buƙata damar kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a. Sai an haɗa su da 38 na 'yancin addini, da 277 da ya lissafa aure, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi cikin hurumin wannan kotun, sannan a gane sulhun da aka ƙulla. Tushensa 1978 ne, lokacin da wakilai Musulmi suka fice daga majalisar tsara kundin 1979 kan batun kotun Shari'a ta tarayya. Aka tsaya tsaka-tsaki: jiha ta kafa tata, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasa kuma ta ƙunshi aƙalla alƙalai uku masana shari'ar Musulunci, kamar yadda sashe na 237 ya tanada yanzu. A ganina wannan sassaucin ya cancanci a riƙe shi da daraja.

Kada ka nemi dokokin Shari'ar da Kano ta ƙaddamar a 2000 zamanin Kwankwaso, ko dokar Hisba ta 2003, a cikinsa. Na jiha ne, daban ake sayensu. Da Turancin lauyoyi aka rubuta kundin, rubutun kuma ƙanana ne ƙwarai, mai raunin ido ya nemi babban bugu.