Bagadi da Mumbari a Cikin Majami'a

Wanda ya shiga cocin Katolika, bagadi zai fara gani, an shimfiɗa masa farin ƙyalle, kyandirori na ci, domin a kansa ne Fada, wato limamin cocin, yake keɓe gurasa da ruwan inabi, kuma tun bayan babban taron shugabannin Katolika na Vatikan na Biyu da aka kammala a 1965 yakan yi hakan yana fuskantar jama'a. A ganina wannan tsari ya fi kawo natsuwa. A majami'un ECWA da Baptis kuwa, waɗanda ba na Katolika ba ne, mumbari ne a gaba, saboda wa'azin fasto shi ne ƙashin bayan sujada, teburin Jibin Ubangiji kuma, inda ake ɗora gurasa da ruwan inabi, yana daga ƙasa, ba kowace Lahadi ake amfani da shi ba.