Torotoro ko motar waya: amsa ga Hajiya mai zuwa Akra kwana uku

Hajiya, sannu da shiri. Kin ce za ki zo daga Kano ke da 'yarki, kwana uku kacal, masaukinku a Nima, kuna so ku ga gari, kina tambaya ko ku riƙa shiga torotoro ko kuwa ku riƙa kiran mota ta waya irin Bolt da Uber da Yango. Ni a Maamobi nake, maƙwabtan Nima, kuma duka biyun ina hawa.

Torotoro dai bas ce ƙarama, hanyarta ɗaya, ba ta kaucewa don kowa. Yaron motar, wanda a nan muke ce wa met, yana rataye a ƙofa yana kiran inda za shi. Ko ba ki ji muryarsa ba, ki dubi hannunsa: in yana juya yatsa kamar mai zana da'ira, Sakul za shi, wato shataletalen Kwame Nkrumah. In kin ji "Akra, Akra", tsakiyar gari yake nufi, wajen kasuwar Makola da unguwar Tudu, domin wurin 'yan gari can ne Akra, sauran duk unguwanni ne. Wajen arha ba ta da abokin gasa. Sai dai in a tasha kika shiga, ba ta tashi sai ta cika, zama kuma gwiwa da gwiwa ne, in na can ƙurya zai sauka sai kun tashi kun ba shi hanya. Ki tanadi ƙananan kuɗi, ki miƙa da hannun dama. Met ba ya cika ba da canji nan take. Yakan riƙe takardun a tsakanin yatsunsa har sai ya gama karɓa, kada ki ɗauka ya manta, amma in kun kusa sauka ki tuna masa.

Motar waya ta fi tsada nesa ba kusa ba, amma kina ganin farashin kafin ki shiga, babu ciniki, kuma har ƙofa za ta kai ki. Ku biyu ne, kuɗin mota ɗaya za ku biya, a torotoro kuwa kowa da nasa. Aibinta biyu. Farashi yana hawa da safe da yamma, da kuma duk sanda hadari ya haɗu. Na biyu ya fi shafar ki: lungunan Nima ba su san taswira ba. Wata rana na kira mota, direban ya yi ta zagaye yana buga mini waya, ni ina cewa ga ni kusa da mai waken shinkafa, shi yana cewa ya ga masu waken shinkafa har uku, ƙarshe ya soke tafiyar. Tun daga ranar nake fitowa bakin babban titi kafin in kira. Ki nemi layin waya mai intanet tun ranar da kika sauka a filin jirgi, ki kuma riƙe tsabar sidi, wato kuɗin Ghana, direbobi sun fi son a ba su a hannu ko ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya.

Tasi mai launin ɗorawa a gefuna tana tsakanin biyun. In ke kaɗai za ta ɗauka, ku gama ciniki kafin ki buɗe ƙofa. Okada kuwa, da yarinya a hannu, ban ba ki shawara ba.

Abin da ya kamata ki sani shi ne, cunkoso bai san mai tsada da mai arha ba. Daga wajen ƙarfe shida da rabi zuwa tara na safe, sai kuma daga huɗu na yamma har bayan isha'i, mai sanyaya mota da mai shan zafi layi ɗaya suke bi. Don haka da ni ce ke, rana ɗaya zan ware wa bakin teku, in kira motar waya bayan tara ta sauke ni a dandalin tunawa da Kwame Nkrumah, wanda aka gyara aka sake buɗewa a 2023. A filin nan ya yi shelar 'yancin Ghana a watan Maris na 1957, can kuma kabarinsa yake. Kasuwar sassaƙa da kente (saƙin gargajiyar Ghana) ta Arts Centre tana jikinsa, dandalin Black Star yana gabas kaɗan, Makola tana arewa, duk da ƙafa ake zuwa. Hasumiyar Jamestown ce mai ɗan tazara ta yamma. In rana ta take ki tare tasi, domin zafin Akra da gumi yake zuwa, ba irin na Kano ba ne.

Torotoron kuma ki ajiye ta don tafiya miƙaƙƙiya da tsakar rana, kamar Nima zuwa Sakul. 'Yarki za ta fi ba da labarinta a kan duk wani gini da ta gani, ga masu talla suna miƙo ruwan leda da soyayyar ayaba ta taga. A wannan layin da wuya ki rasa mai jin Hausa a kusa da ke, ki ce "ɗan'uwa, ina zan sauka?" sai ya yi wa met magana da kansa.

In Juma'a ta riske ku, Babban Masallacin Ƙasa na Kanda da aka buɗe a 2021 yana dab da Nima. Ku fita da wuri, ku tafi da ƙafa in ƙafar na da lafiya, don bayan an idar da salla titin ya fi ƙarfin kowace irin mota. Da dare kuwa, ko daga Osu kuke ko daga Labadi, motar waya kawai za ku kira.