Daren Alhamis a gidan kallon da ke haɗa Jordan da LeBron a talabijin ɗaya

A ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim akwai gidajen kallo guda uku. Biyu daga cikinsu ba su san komai ba sai ƙwallon ƙafar Ingila da ta Sifaniya da finafinan Indiya masu fassara. Na ukun, wanda ke bayan tashar mota daura da injin niƙa, shi ne ya fito da wani tsari tun bayan girbin bara: kowane daren Alhamis bayan sallar isha'i ana nuna wasa biyu na ƙwallon kwando daga gasar NBA ta Amurka, ɗaya tsoho, ɗaya na shekarun nan, sannan a bar masu kallo su yi ta musu a kan wane zamani ne ya fi, kuma wane ɗan wasa ne gwani na gwanaye. Na yi kusan wata biyar ina zuwa, don haka ina ganin na kai matsayin da zan faɗi abin da wurin ya iya da abin da ya gaza.

Mai gidan matashi ne da ya yi zaman Kano na wasu shekaru, a can ya kamu da son wasan, yana zuwa ɗakin wasanni na Ƙofar Mata kallon 'yan Kano Pillars. Duk lokacin da ya shiga birni sayen kaya sai ya sauko da wasanni daga intanet ya zubo su a filas. Kuɗin shiga naira 200 ne, wasa biyun duka, kuma ban taɓa ganin ya kori wanda kuɗinsa bai cika ba. Rumfar ta kwano ce, an zagaye ta da zana, benci takwas ne a ciki da tabarma biyu a gaba domin yara. Wuta ta sola ce da batir biyu, da wani ƙaramin janareta da ake tayarwa idan batir ya yi sanyi. A lokacin hunturu zaman yana da daɗi. Da bazara ta shigo kuwa, fanka ɗaya tal da ke rataye a tsakiya ba ta isar kowa sai mutanen bencin uku da na huɗu, shi ya sa waɗannan bencina biyu suke cika tun ana sallame salla.

Abin da ya sa nake yabon wurin shi ne cikakken wasa ake nunawa, daga farko har ƙarshe. Yawancin matasanmu sun san waɗannan 'yan wasa ne ta guntayen bidiyo na minti ɗaya a Facebook da TikTok, inda ba a nuna jifan da ya kuskure, ba a nuna gajiya, ba a nuna mintunan da gwani ya yi yana lalube bai samu hanya ba. Wanda ya saba da irin wannan kallo yana yanke hukunci ne kamar mai sayen buhun gero da ya duba saman buhu kawai.

Daren da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda aka haɗa wasa na shida na zagayen ƙarshe na 1998 (zagayen da ƙungiyar da ta fara cin wasa huɗu take ɗaukar kofi), tsakanin Chicago Bulls da Utah Jazz, da wasa na bakwai na 2016, tsakanin Cleveland da Golden State. Da aka kusa tashi daga na farko, wani yaro ɗan sakandare da ke zaune a tabarma ya dubi lambobin da ke ƙasan allo ya juyo ya ce wa mai gidan, "Yaya, wai duk makin ke nan, ko an yanke wani ɓangare ne?" An tashi 87 da 86, shi kuwa ya saba ganin ƙungiya ta wuce 120 a dare ɗaya. Amma a cikin 87 ɗin nan na Chicago, Michael Jordan shi kaɗai ya ci 45, wato fiye da rabi. A mintin ƙarshe ya kutsa ya zura ƙwallo, ya dawo ya lallaɓo ta bayan Karl Malone ya fizge ta daga hannunsa, ya taho da ita a hankali, ya kauce wa Bryon Russell, ya jefa ta shiga saura daƙiƙa biyar da 'yan kai. Mai gidan ya maimaita wurin sau huɗu, domin rabin rumfar sun rantse cewa Jordan ya ture Russell da hannun hagu kuma alƙalin wasa ya kau da kai, sauran rabin kuma suka ce ƙafarsa ce ta zame. Ni dai abin da idona ya gani shi ne hannun ya taɓa shi, amma Russell ya riga ya tafi da nauyinsa tun kafin taɓawar.

Wasa na biyun ya ba mutanen LeBron James abin riƙewa. Golden State ta ci wasa 73 a wannan kakar, ta karya tarihin 72 da Bulls ɗin Jordan suka kafa a 1996, kuma tana gaba da ci uku da ɗaya a zagayen ƙarshe kafin Cleveland, ƙungiyar LeBron, ta farfaɗo ta cinye uku a jere. Sai dai a nan ne gidan ya yi mana babban laifi. Ana tsakiyar kashi na huɗu, maki kunnen doki, batir ya ɗauke. Kafin a samo mai riƙe fitilar waya, a ja igiyar janareta ta ƙi tashi, a goge fulogi a sake ja, an ci minti ashirin, kuma a cikin duhun nan wani da ya riga ya san wasan ya ba da labarin yadda LeBron ya biyo Andre Iguodala da gudu ya manne ƙwallon a jikin allon kwando. Da hoto ya dawo muka ga abin, amma daɗinsa ya riga ya zube. Wannan ɗaukewar wuta ba sau ɗaya ta faru ba, kuma dalilinta a bayyane yake: da rana ana cajin wayoyin jama'a da batiran guda, sai dare ya same su a gajiye.

Akwai wani dattijo, tsohon malamin motsa jiki da ya yi ritaya, wanda kowa ke kira Baba Malam, kuma a gaskiya rabin amfanin wurin daga bakinsa yake fitowa, ko da yake shi ma biyan kuɗinsa yake yi. Shi ne ya fahimtar da mu cewa ba wasa ɗaya waɗannan mutane suka buga ba, ko da kwandon bai canza tsayi ba. Agogon daƙiƙa 24, wato lokacin da ake ba ƙungiya ta jefa ƙwallo a kwando, ya shigo ne a 1954. Layin maki uku, wanda jifa daga bayansa ke ba da maki uku maimakon biyu, bai zo NBA ba sai 1979, kuma an daɗe ana kallonsa a matsayin jifan wanda ya rasa mafita, har Stephen Curry ya zo ya ci irinsa 402 a kaka ɗaya ta 2015 zuwa 2016 ya juya wasan gaba ɗaya. A zamanin Jordan mai tsaro yana iya dafa hannu a ƙugun mai ƙwallo yana sarrafa shi, kuma Detroit Pistons ta fitar da shi shekara uku a jere, 1988 da 1989 da 1990, da bugu da ture da a yau za su sa a kori mutum daga fili. An tsananta hana wannan dafa hannun a 2004. Masu goyon bayan Jordan suna jin haka sai su fara tafi, amma Baba Malam ba ya barinsu su gama. Yakan ce, "Ku saurara tukuna, 'ya'yana," sannan ya tuna musu cewa kafin 2001 doka ta hana tsaron yanki, dole kowane mai tsaro ya bi mutuminsa, don haka ana iya janye 'yan wasa huɗu gefe a bar Jordan da mutum ɗaya, alhali LeBron ya yi rayuwarsa yana tarar da katangar mutane a gaban kwando. Haka kuma a yau gasar tana ɗiban gwanaye daga duk duniya, har ta kai daga 2019 zuwa 2025 duk wanda aka zaɓa gwarzon shekara a wajen Amurka aka haife shi: Giannis Antetokounmpo, ɗan iyaye 'yan Nijeriya da aka haifa a Girka, da Nikola Jokic na Sabiya, da Joel Embiid na Kamaru, da Shai Gilgeous-Alexander na Kanada.

Idan aka tambaye ni, kuma a wannan rumfa ba a barin mutum ya yi shiru, ina ba Jordan fifiko, domin ya kai zagayen ƙarshe sau shida ya ɗauki kofi sau shida, kuma a duka shidan shi aka zaɓa gwarzon zagayen. LeBron ya kai sau goma ya ɗauki huɗu, da ƙungiyoyi uku daban-daban, kuma a Fabrairun 2023 ya wuce maki 38,387 na Kareem Abdul-Jabbar, tarihin da ya yi kusan shekara arba'in ba a taɓa ba. Wanda ya auna girma da daɗewa ana cin moriyar mutum ya zaɓi LeBron bai yi wauta ba, kamar yadda manomi zai iya fifita san noman da ya yi masa huɗa damina ashirin a kan wanda ya fi shi ƙarfi amma ya yi goma sha biyar. Ni dai idan wasa ɗaya ya rage, kuma gonata aka sa a kai, Jordan zan miƙa wa ƙwallon.

Babban gibin da na gani a kayan mai gidan shi ne tarihin nasa kamar daga 1990 ya fara. Ba mu taɓa kallon cikakken wasan Magic Johnson da Larry Bird ba, waɗanda suka raba kofi takwas a tsakaninsu a shekarun 1980. Kareem, mai kofi shida da kambun gwarzon shekara shida, ɗan guntun bidiyo kawai muka gani na jifansa na ƙugiya da ba a iya tarewa. Bill Russell, wanda ya ɗauki kofi 11 a cikin kaka 13 da Boston Celtics, sunansa kawai ake ji, kuma da zarar an ambace shi sai wani ya ce ai ƙungiya takwas ce kacal a gasar lokacin da ya fara, kamar wannan ya rufe magana. Game da Wilt Chamberlain ba zan ɗora wa mai gidan laifi duka ba, domin wasan da ya ci maki 100 a Maris na 1962 ba a ɗauke shi a bidiyo ba. Amma sakamakon wannan gibi shi ne musun ya takure ya koma na mutum biyu, kuma duk wanda ba a nuna shi ba ya faɗi tun kafin a fara.

Akwai kuma wani aibi ƙarami da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Tsofaffin wasanni an ɗauke su ne domin talabijin mai kusurwa huɗu daidai, shi kuwa mai gidan ba ya son ganin baƙi a gefe da gefe, sai ya ja hoton ya cika allo. Da haka 'yan wasan da suke dogaye sirara sukan fito gajeru masu faɗi, ƙwallon ta koma kamar ƙwan zabo, yara su yi ta dariya suna cewa mutanen da ba su da kuzari. Na yi masa magana sau biyu, ya ce, "To Malam, za a gyara," har yau ba a gyara ba.

Daren da ya fi kowanne cika shi ne na cikin azumi, bayan tarawihi, da aka nuna Hakeem Olajuwon da Houston Rockets a zagayen ƙarshe na 1995, inda suka cinye Orlando ta Shaquille O'Neal huɗu babu ko ɗaya. Ko waɗanda ba ruwansu da wasan sun shigo da suka ji an ce haifaffen Legas ne, Musulmi, wanda yake buga wasa da azumi a bakinsa, har aka zaɓe shi gwarzon watan Fabrairun 1995 da ya dace da Ramadan. Shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984, Jordan ya zo na uku, kuma har yau babu wanda ya kai shi yawan tare ƙwallo a tarihin da aka rubuta, 3,830. Abin da ya riƙe ni a wasan shi ne ƙafafunsa. Ya yi tsaron raga a ƙwallon ƙafa yana yaro, kuma ana gani a yadda yake yi kamar zai juya dama, mai tsaro ya tashi sama, shi kuwa ya sulale hagu. Wani ya ce ai Jordan ya tafi hutu ne shi ya sa Hakeem ya samu kofinsa biyu. Baba Malam ya gyara zama ya ce a 1994 haka ne, amma a 1995 Jordan ya dawo tun watan Maris, kuma wannan Orlando ɗin ce ta fitar da shi kafin Hakeem ya share ta. Ban ji wanda ya amsa ba.

Mai gidan ya gwada nuna wasan ƙarshe kai tsaye sau ɗaya a watan Yuni, kuma ba na ba kowa shawarar ya biya kuɗi domin wannan. Wasan yana farawa ne wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare a agogonmu ya ƙare gab da asuba, a daidai lokacin da shuka da noman farko suke jiran mutum da sassafe, ga hadari yana tasowa yana ɗauke hoto. Mu tara muka zauna, huɗu suka yi barci a kan benci. Da ya bar wannan ya kashe kuɗin a kan batir na uku, ya kuma nemo wasannin 'yan matan Nijeriya da suka kai zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe a gasar Olamfik ta 2024 a Faransa, da wasan sada zumunta da mazanmu suka doke Amurka 90 da 87 a 2021, da ya fi mana amfani.

Wanda zai zo ya zo da wuri saboda bencin fanka, ya taho da maganin sauro na kunnawa domin gidan ba ya sayarwa, kuma kada ya zauna kusa da lasifikar hagu, ta fashe tana zuza. Alhamis mai zuwa an ce za a nuna wasan da Kobe Bryant ya ci maki 81 a kan Toronto a 2006, kuma tuni na roƙi mai gidan ya bar hoton yadda aka ɗauke shi.