Kafin ka biya kuɗin koyon sikanin a Zariya, ka auna hanyoyin nan

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ɗan yayata ya same ni a gida riƙe da waya. Ya gama sakandare, ya zauna JAMB sau ɗaya bai samu gurbi ba, zaman gida ya ishe shi. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Kawu, dubi wannan. Wai mako shida kacal, a koya maka sikanin a ba ka satifiket. Mama ta ce in ka amince za ta sayar da tumakinta ta biya." Irin tallar nan ce da ke yawo a WhatsApp, da hoton na'ura da mutum cikin farar riga. Na ce masa ya nemi wuri ya zauna, maganar ba ta tsaye ba ce. Na daɗe ina aiki a ɗakin hoto, kuma na san daga Samaru zuwa Sabon Gari har cikin birni akwai gidaje da yawa da ake irin wannan shawarar, shi ya sa nake son shimfiɗa ta a fili.

Da farko sai ka san abin da kuɗinka zai saya. Hoton ƙashi da ake yi da eksire, in an ɗauka an ɗauka, ana iya kai shi wa wani likita can daban ya karanta. Sikanin ba haka yake ba. Hannun mai yi ne ke haɗa hoton a lokacin da yake goga kan na'ura a jikin mutum, idonsa kuma ke zaɓen inda zai tsaya. Duk kusurwar da bai leƙa ba, ba za ta fito a takarda ba, kuma babu wanda zai san an tsallake ta. Na'urar sauti take aikawa cikin jiki, sautin da ya fi ƙarfin kunne. Kunnen ɗan Adam yana tsayawa ne a wajen kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, ita kuwa tana aiki da kaɗawa miliyan 2 zuwa miliyan 18. Sautin na ratsa nama da gudun kusan mita 1,540 a daƙiƙa, ya bugi gaɓa ya dawo, na'ura ta auna lokacin ta zana. Iska da ƙashi suna tare shi, dalilin da ya sa ake shafa man nan mai sanyi ke nan, don kada iska ta raba kan na'ura da fata. Wanda bai fahimci wannan ba, zai ga inuwar iskar hanji ya ce dutse ne a madaciya. Abin saye a nan ido ne, shi kuwa ido sai da yawan marasa lafiya da malami a tsaye a bayanka.

Aikin kansa ya wuce "mace ce ko namiji", duk da cewa ita ce tambayar da muka fi ji. Kai ne za ka karanta takardar likita, ka tambayi mara lafiya abin da ke damunsa, ka tabbatar ya shirya. Mai hoton madaciya sai ya yi awa 6 zuwa 8 bai ci abinci ba. Mai hoton mara kuwa sai mafitsararta ta cika, shi ya sa za ka ga mata jere a benci kowacce da ledar ruwa, wata tana leƙo ƙofa tana cewa, "Malam, don Allah a taimaka, na matsu." Ga mai juna biyu, za ka duba ko cikin yana mazauninsa, ɗaya ne ko tagwaye, zuciya na bugawa, ina mabiyiya take, ruwa ya isa ko ya yi kaɗan. Za ka auna faɗin kai da kewayensa, kewayen ciki da tsawon ƙashin cinya. A watanni ukun farko, awon tsawon ɗan tayi yana ba da kwanakin ciki da kuskuren da ba ya wuce mako guda, amma a watannin ƙarshe kuskuren na iya kai mako uku. Tsakanin mako 18 zuwa 22 ake yin babban duba na halittar jariri, gaɓa bayan gaɓa. Bayan masu ciki akwai hanta, ƙoda, saifa, maƙogwaro, nono da jijiyoyin jini. Sai rubuta rahoto, tsabtace kan na'ura tsakanin mutum da mutum, da riƙe sirri. Akwai kuma wahalar da ba a sawa a talla: kafaɗa da wuyan hannu suna ciwo saboda yini ana dannawa, ga zaman ɗaki mai duhu, ga fama da wuta.

Hanyar da na fi ba matashi shawara a kanta ita ce digirin radiyogirafi, wato karatun ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti. Shekara biyar ne a jami'a. Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, wato Turanci, Lissafi, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji, a JAMB kuma Turanci da waɗancan darussan kimiyya uku. Mu a Zariya abin ya zo mana gida, domin Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen, ga kuma asibitin koyarwa na Shika inda ake ganin kowane irin ciwo daga jihohi da dama. In gurbi bai samu a nan ba, akwai Jami'ar Bayero a Kano, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri. A kudu akwai Kalaba, Inugu, Nnewi da Legas. Bayan digiri sai shekara ɗaya ta aikin gwaji a asibiti ƙarƙashin manya, sai bautar ƙasa. Hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista ita ce RRBN, wadda aka kafa da doka mai lamba 42 ta shekarar 1987, kuma lasisinta duk shekara ake sabunta shi. Kafin ka cika fom ɗin kowace jami'a, ka bincika ko hukumar ta amince da sashen, ba hukumar jami'o'i kaɗai ba.

Amma kada ka ɗauka digirin kaɗai ya mayar da kai gwanin sikanin. Digirin faɗi gare shi: eksire, manyan na'urorin hoton cikin jiki irin su CT da MRI, sikanin, duk za ka taɓa. Wannan faɗin riba ne, don in wata ƙofa ta ƙi buɗuwa akwai wata. Sai dai ƙwarewa a sikanin tana zuwa ne da ƙarin karatu bayan digiri. Hukumar RRBN tana da cibiyar horaswa da ke gudanar da irin wannan kwas ga waɗanda suka yi rajista, wasu kuma su yi digiri na biyu su karkata ga fannin. In ka haɗa lissafi, daga shiga jami'a zuwa ranar da za a bar ka da mara lafiya kai kaɗai hankali kwance, shekara bakwai zuwa takwas kake magana, ban da yajin aiki. Da na faɗa wa yaron nan haka sai ya dafe kai. Na ce masa, "Ɗana, wanda ya shiga bana yana da shekara 19, zai fito bai kai 30 ba, da sana'ar da zai ci har tsufa."

Hanya mafi tsawo ita ce ta likita. Shekara shida ta karatun likitanci, shekara ɗaya ta aikin gwaji, bautar ƙasa, sannan horon ƙwarewa a fannin hoto na wasu shekaru a asibitin koyarwa irin na Shika, da jarrabawar kwalejin likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas ko ta Afirka ta Yamma. Wannan shi ne likitan hoto, wanda ake kai wa abin da ya rikice, kuma shi ke yin ayyuka irin su shigar da allura a ɗebo nama ana kallo a allo. In burinka zama likita ne, bismillah. In kuwa sikanin ɗin kawai kake so, ka yi kewayen da bai zama dole ba, ga tsadar gurbi.

Sai gajerun kwasa-kwasai, kuma a nan ne nake son a yi adalci, don ba duka ne na banza ba. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa kowace mai ciki sikanin sau ɗaya kafin mako 24. In ka dubi ƙauyukan Giwa, Soba ko Makarfi, ka san radiyogirafa da likitocin hoto ba za su wadatar ba. Don haka ungozoma ko nas mai lasisi, wadda ta riga ta san jikin mace kuma ta karɓi haihuwa ba adadi, in aka ba ta horo na makonni kan abubuwa ƙididdigaggu, tana iya ceton rai. Za ta gane kwanciyar jariri, tagwaye, bugun zuciya, da mabiyiyar da ta sauko ta tare hanya, ta tura mace babban asibiti tun kafin naƙuda. Amma wannan ƙari ne a kan lasisin da take da shi. Bai mayar da ita mai duba hanta da ƙoda ba, kuma nagari cikin masu koyar da kwas ɗin su ne farkon faɗa mata iyakarta. Haka abin yake ga likitan da ke son ya riƙa dubawa da gaggawa a gefen gado.

Wanda ya fito daga sakandare kuwa, ko mai digiri a fannin da ba na lafiya ba, wannan kwas ɗin ba nasa ba ne, ko da an karɓi kuɗinsa. Satifiket ɗin halartar kwas ba lasisi ba ne. Asibitin gwamnati ba zai ɗauke ka da shi ba, in kuma ka buɗe shago kana cikin haɗarin a rufe a kuma gurfanar da kai. Haka zancen yake ga zama yaron wani mai sikanin kana kallo har ka fara riƙe na'ura. Wannan tsarin yana yi a kanikanci da ɗinki, a nan ba ya yi, saboda kuskuren ba ya nuna kansa a take.

Ba zan manta da wata baiwar Allah ba da aka kawo mana da daddare, mijinta na riƙe da ita, leɓɓanta sun yi fari. Kwana biyu kafin nan an yi mata sikanin a wani wuri, takardar na cikin jakarta a ninke: mahaifa babu komai, wai sanyi ne, a sha magani. Alhali al'adarta ta wuce da makonni, tana ɗigar jini, gefe ɗaya na mararta na sukarta. Ina ɗora kan na'ura na ga baƙin ruwa ya taru a bayan mahaifa har ya hau wajen hanta. Jini ne. Cikin a bututun mahaifa ya zauna, ya fashe. Mijin ya ce, "Likita, lafiya dai ko?" Na ce masa, "Alhaji, a nemo masu ba da jini yanzu," na ruga na kira likitan mata. Allah ya yi da sauran kwananta. Wanda ya yi hoton farko bai yi ƙarya ba, mahaifar babu komai. Abin da ba a koya masa ba shi ne, mahaifa wayam a jikin macen da al'adarta ta wuce ba ƙarshen duba ba ce, wurin fara nema ne. Har yau in na tuna takardar nan raina ɓaci yake.

Saboda haka ko wane kwas ne, kafin ka ciro kuɗi ka yi tambayoyi, kuma ka nemi a nuna maka amsa a rubuce. Wace hukuma ce ta san da shi? Wa zai koyar, ina lasisinsa? Marasa lafiya nawa za ka duba da hannunka, ba kallo ba, kuma akwai littafin da malami zai riƙa sa hannu a kan kowanne? Ɗalibai nawa ne a kan na'ura ɗaya? Mutum talatin a kan na'ura guda, ka san kallo ka biya. Akwai jarrabawar aiki da mutum zai iya faɗuwa? In aka ce duk wanda ya biya zai karɓi takarda, ka tashi. Kuma kada ka bari a ruɗe ka da sayen na'ura tun ba ka iya ba. Ƙananan na'urori da ake haɗawa da waya sun yawaita yanzu, suna da amfani a hannun wanda ya sani, amma sauƙin samunsu bai rage shekarun koyo ba.

Mai tunanin fita waje ya sani cewa a Amurka jarrabawar hukumar ARDMS aka fi nema, a Ingila kuma rajistar radiyogirafa tana hannun hukumar HCPC. Dukansu karatunka da aikin da ka yi a asibiti za su fara tambaya, takardar mako shida ba ta kai ka ko bakin ƙofa.

Akwai maganar da na fi so iyaye su ji: mu tura 'yan mata wannan karatun. Mafi yawan masu zuwa sikanin mata ne, kuma akwai dubawar da ake yi ta gaba, wadda ita ce ta fi nuna ƙaramin ciki da matsalolin mahaifa. Na sha ganin mace ta haƙura da ita, ko maigida ya ce a fasa, don namiji ne a ɗakin. Duk ranar da abokiyar aikinmu mace take bakin aiki, layinta ya fi na kowa tsawo.

Shi kuwa ɗan yayata, da muka duba sakamakonsa sai muka ga Fiziks ne ya ja shi baya. Na je na sami mahaifiyarsa na ce, "Yaya, a bar tumakin nan tukuna, kuɗin darasi da na fom kawai ake buƙata bana." Yanzu kullum da yamma yana hawa Keke zuwa Samaru wajen darasi, ya kuma sa radiyogirafi a matsayin zaɓinsa na farko.