Yinin nutso a Ras Muhammad: murjanin ya burge ni, cunkoson ya dame ni

Na bi jirgin wani kamfanin nutso daga Sharm el-Sheikh zuwa Ras Muhammad, yankin da Masar ta keɓe tun 1983 domin kare halittun Bahar Maliya. Kayan aikinsu ba laifi: tukunyar iska a cike, tabarau ba ya yoyo, an kuma yi mana bayani kafin mu shiga ruwa. Amma abin da ya sa kuɗina bai tafi a banza ba shi ne jagoranmu, mutum mai haƙuri da ba ya gaggawa.

A Shark Reef muka sauka, inda bangon dutse ya miƙe ƙasa har fiye da mita 700. Bangon nan lulluɓe yake da murjani mai taushi, ja da shunayya, yana rausaya da igiyar ruwa. Daga nesa duk shuɗi-shuɗi ne, domin ruwa yana shanye jan launi tun a 'yan mitocin farko. Sai da jagoran ya haska tocila sannan ainihin launin ya fito, wallahi har na ji tsigar jikina ta tashi. Can sama kuma ga masu tauri: akwai mai faɗi kamar faifai, akwai mai rassa, akwai dunƙulalle mai zanen ƙwaƙwalwa wanda da ƙyar yake ƙara santimita 1 a shekara. Ya nuna mana murjanin wuta mai ruwan ɗorawa da farin baki, ya yi alama da hannu kada mu kusance shi, don yana ƙona fata. Mutane da yawa suna ɗaukar murjani dutse ne ko tsiro, alhali ƙananan dabbobi ne masu rai, da gansakuka a jikinsu tana ba su abinci da launi.

Kifi kuwa ba a magana. Ƙananan masu ruwan lemo sun cika ko'ina, kifin aku yana gurgurar murjani har kana jin ƙarar haƙoransa, ga kunkurun teku da ya zo ya wuce abinsa. Daga nan muka gangara Yolanda, wani wurin nutso da ke kusa, inda kayan banɗaki da wani jirgin dakon kaya ya ɗauko kafin ya yi hatsari a 1980 suke zube har yau.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne yawan mutanen da aka loda a jirgin, aka haɗa gwanaye da sababbin hannu. A idona wani ya shuri reshen murjani da takalmin iyo ya karye, kuma babu wanda ya ce masa uffan bayan mun fito. Wannan sakaci ne, bai kamata kamfanin da ke cin abinci da wurin ya kau da kai ba.

Zan koma, in sha Allahu, amma sai na tambayi mutum nawa ake bai wa jagora ɗaya kafin in biya. Wanda bai saba da igiyar ruwa mai ƙarfi ba kuma, ya fara da wuraren da suka fi kwanciya kusa da gaɓa.